Kafin ka sayi haɗin shayi a Katsina

Hunturu na kunno kai, kasuwar masu kayan shayi ke buɗewa. Daga Babbar Kasuwa har teburan da ke wajen Ƙofar Ƙaura, iri uku za ka tarar: kayan haɗi guda-guda da ake auna maka, garin da aka riga aka daka aka ƙulla a leda, sai 'yan fakiti masu hoto da alƙawarin ƙarin kuzari ko rage tumbi. Duka ana kiransu shayin gargajiya, amma ba aiki ɗaya suke yi a jiki ba.

Ni dai hankalina ya fi kwanciya da na guda-guda, domin idona ne shaida. Ɗauki citta. Sinadarin da ke ba ɗanyarta yaji sunansa jinjarol, idan ta bushe sai wani ɓangarensa ya rikiɗe ya koma shogawol, wanda ya fi zafi. Shi ya sa busasshiya kaɗan ta ishe ka. Tana kwantar da tashin zuciya, amma idan ta yi yawa, musamman ciki ba komai, takan tayar da ƙwannafi, mai olsa kuwa ya san wannan. Yawancin cittarmu daga kudancin Kaduna take zuwa, yankin Kachia, kuma a 2023 cuta ta cinye gonakinta da dama har kuɗinta ya yi tashin gwauron zabi. Karya ta ka gani: mai kyau cikinta fes yake, ƙanshinta na bugun hanci, babu ramin ƙwaro.

Kanumfari kuma man da ke cikinsa, yujinol, shi ne ke sa harshe ya ɗan mutu, shi ya sa iyayenmu ke ɗora shi a kan haƙori mai ciwo. Danna shi da farce, idan danshin mai ya fito to da sauran ƙarfinsa. A kofin ruwa, mai kyau nutsewa yake ko ya tsaya a tsaye, wanda aka tatse kuwa sai ya kwanta a sama. Uku ko huɗu sun wadatar da buta guda.

Inda mutane suka fi yin sakaci shi ne kirfa. Iri biyu ce. Mai kauri, mai tauri, wadda ta naɗe sau ɗaya, ita ce ta cika kasuwa, kuma tana ɗauke da sinadarin kumarin da yawa, wanda kan wahalar da hanta idan aka lizimci shansa da yawa kullum. Ɗayar, ta ƙasar Siri Lanka, siririya ce, an naɗe ta falle-falle, tana rugurgujewa a hannu, kumarin ɗinta kaɗan ne ƙwarai. Ta fi tsada, amma wanda ba ya fashin shayi safe da dare ita ta dace da shi.

Idan da zoɓo a haɗinka, ka sani yana ɗan sauke hawan jini. Mai shan maganin hawan jini na asibiti ya gaya wa likitansa, mai juna biyu kuma ta guji shan mai kauri.

Garin ƙulli ya fi sauƙin sarrafawa, ya fi araha, amma amana ce zalla kake saye. Ba ka ganin ko kayan sun yi fumfuna kafin a daka, alhali gubar da fumfuna ke haifarwa, afulatoksin, tafasa ba ta kashe ta, kuma hanta take ci. Akwai wani dattijo da nake saye a wurinsa. Na taɓa ce masa, "Baba, me da me ke ciki?" Bai ɓata rai ba, ya ce, "Ɗana, citta ce da kanumfari da masoro da kimba, sai 'yar na'a-na'a," ya jawo buhunan ya nuna mini ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan ka saya. Wanda ya ce maka sirrin gidansu ne, ajiye masa kayansa.

Fakiti su suka fi tayar mini da hankali. Yawancin shayin rage tumbi ganyen filasko ne ko danginsa, aikinsa sa zawo. Ruwan jiki ne ke fita, kitse na nan, kuma idan aka daɗe ana sha hanji kan saba har ya kasa aiki sai da shi. Na kuzarin maza kuwa, a ƙasashe da dama an sha kama irinsu da silidenafil a ɓoye, maganin asibiti da ke iya faɗar da jini warwas ga mai shan wasu magungunan zuciya. Duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da jerin abin da ke ciki, da adireshin kamfani, da ranar lalacewa. Ko lambar na nan, ba ta nufin hukumar ta tabbatar yana warkar da duk cututtukan da aka jera a bayan kwalin.

Idan ka tsaya a kan na guda-guda, sayi na wata ɗaya kawai, ka zuba a kwalba mai murfi nesa da murhu, ka riƙa daka na kwana biyu ko uku a ƙaramin turmi.