Lubuntu 24.04 a kan ƙaramar kwamfuta mai giga 2: aikinta ya gamsar da ni, amma shigarta ta sha min kai

Na sa Lubuntu 24.04, wani nau'in Linux mara nauyi da ake sawa a madadin Windows, a ƙaramar kwamfutata ta tafi-da-gidanka saboda Windows 10 ta riga ta cinye kusan dukan faifan, kuma tun da Microsoft ta daina tallafa mata a ranar 14 ga Oktoba 2025 babu wani dalilin ci gaba da haƙuri da ita. Maganar Windows 11 ba ta ma taso ba, domin tana neman ram giga 4 da faifai giga 64, ni kuwa abin da ke hannuna ram giga 2 ne da faifai giga 32 wanda aka manna a jikin allon na'urar, ba ya ciruwa balle a canza shi. Duk wanda ya taɓa zagaya shagunan kayan hannu na Kasuwar Dole ya san irin waɗannan ƴan kwamfutocin marasa nauyi masu furosesa Atom, waɗanda aka ƙera a wajajen 2014, kuma ya san abin da ake sayar da su. Aikina da ita bai wuce buga takardun jarrabawa da tsara darussa ba.

Zan faɗi alherin tun da wuri, don kada abin da zai biyo baya ya rufe shi: bayan da ta zauna, na'urar ta koma kamar ba ita ba. Tana tashi ba tare da na gaji da jira ba, LibreOffice da ake buga takardu da shi yana buɗewa lafiya, kuma fiye da rabin faifan yana nan fili bayan an gama komai. Sai dai kafin a kai nan na sha wahalar da ban taɓa sha a kan wata manhaja ba, kuma a kanta ne mafi yawan wannan sharhin zai tsaya.

Da farko na kai ta wurin wani mai gyara a Zango, wanda ya saba sa wa mutane manhajoji. Ya haɗa filashinsa, ya kunna, ya shiga jerin abubuwan da na'urar za ta iya tashi daga gare su, amma filashin bai fito ba. Ya canza rami, ya kashe Secure Boot, wato tsaron da ke hana na'ura tashi daga manhajar da ba ta amince da ita ba, ya ɗauko wani filashin, duk ba a ga komai ba. Daga ƙarshe ya miƙo min ita ya ce, “Malam, wannan faifanta ne ya mutu, gara ka sayar ka ƙara kuɗi ka ɗauki babba.” Na ce masa faifan da ya mutu ba zai buɗe Windows da safiyar nan ba, ya ce ai haka suke yi kafin su ƙarasa. Ya kuma karɓi kuɗin dubawa cif. Har yanzu idan na tuna wannan raina yana ɓaci, domin a wannan shagon ne mutane da yawa suke jin hukuncin ƙarshe a kan kayansu, kuma ina da yaƙinin cewa akwai na'urori masu lafiya da aka rabu da su a kan irin wannan maganar.

Ainihin matsalar ba ta da alaƙa da faifai. Furosesan wannan jinsin, wanda ake kira Bay Trail, yana iya aikin bit 64, amma kamfanin da ya ƙera kwamfutar ya sa mata UEFI mai bit 32, wato ƙaramar manhajar da ke cikin allon na'urar wadda take fara farkawa kafin komai. UEFI mai bit 32 ba ya iya karanta manhajar tayarwa mai bit 64. Idan ya leƙa cikin filashi, fayil ɗin da yake nema shi ne bootia32.efi, alhali abin da mafi yawan filashin masu gyara ke ɗauke da shi bootx64.efi ne, shi ya sa yake wucewa kamar bai ga komai ba. Abin ya yi kama da gida mai faɗin tsakar gida da aka yi wa zaure mai ƴar ƙaramar ƙofa: wurin ajiye kaya yana nan, hanyar shigar da su ce babu. Wani zai ce to a sa tsohuwar Lubuntu mai bit 32 mana, sai dai sun daina fitar da irin wannan tun daga fitowar 19.04, kuma tallafin 18.04 ya ƙare a 2021. Waɗannan na'urorin kuma ba su da BIOS, tsohon tsarin da UEFI ya gada, da za a koma masa, don haka wannan hanyar a toshe take.

Abin da ya buɗe min ƙofar farko shi ne Ventoy, manhajar da ake shirya filashi da ita, wadda take iya tashi a kan UEFI mai bit 32. Na sauke Lubuntu, wadda ta kai kusan giga 3, da dare lokacin da layin intanet yake ɗan sakin jiki, na kwafa ta cikin filashin, sai ga shi ya fito a jerin nan take. Tebur ya buɗe, linzami yana aiki, allo yana da haske daidai. A cikin tagar umarni na duba fayil ɗin /sys/firmware/efi/fw_platform_size, ya nuna 32, wanda ya tabbatar min da cewa abin da na karanta shi ne ke damun na'urar. Ina ba duk mai irin wannan kwamfutar shawarar ya fara da wannan dubawar, domin ba ta cin minti ɗaya kuma tana raba gardama.

Daga nan na danna Calamares, wato manhajar girkawa da Lubuntu take amfani da ita tun 2018. Tambayoyinta a bayyane suke, da Faransanci ma idan mutum ya zaɓa: harshe, agogon Yamai, jerin haruffan AZERTY, sannan a share faifai gaba ɗaya, tun da giga 32 ba zai ɗauki manhajoji biyu ba. Ta kwafe komai lafiya, sandar ci gaba ta kusa kaiwa ƙarshe, sai ta tsaya a matakin sa GRUB, wato manhajar da ke tayar da Linux idan an kunna na'ura, ta ce girkawa ta gaza. A wannan lokacin Windows ta riga ta tafi, sabuwar kuma ba ta da abin da zai tayar da ita, takardun jarrabawar da zan miƙa a makon kuwa suna cikin wani filashi dabam babu inda zan buɗe su. Wutar unguwarmu ma ta zaɓi wannan daren ta ɗauke, batirin na'urar kuma ya tsufa, don haka dole na rufe na kwanta da abin a raina.

Dalilin gazawar shi ne GRUB ɗin da ya dace da wannan na'urar yana cikin wani ƙunshi mai suna grub-efi-ia32, kuma sai an sauko da shi daga intanet a daidai lokacin girkawar. Ni kuwa ba ni da intanet a kanta, domin wifi ɗin cikinta bai tashi ba a lokacin. Ɗan yayata ne ya warware wannan, ya ce, “Kawu, ba sai wifi ba, kawo wayar caja.” Ya haɗa wayarsa da kwamfutar ta USB, ya kunna raba intanet ta waya, Lubuntu ta gane haɗin ba tare da ta nemi komai ba. Da aka sake girkawar daga farko a haka, ta wuce matakin GRUB ta kai ƙarshe. Wannan shi ne abin da nake so duk wanda zai gwada ya riƙe: kada ya danna girkawa a irin wannan na'urar sai intanet yana haɗe, kuma ya tabbata forfensa ba zai ƙare a tsakiya ba.

A nan na zaci an gama, amma da na cire filashin na sake kunnawa, sai na'urar ta faɗa cikin wani baƙin allo mai rubutu rawaya da ake kira EFI Shell. Yadda abin yake, idan aka sa GRUB, ana rubuta sunansa da wurin da yake a cikin ƴar ma'adanar UEFI domin na'urar ta san inda za ta dosa, amma UEFI ɗin da aka sa wa wannan kwamfutar bai riƙe rubutun ba. Fayil ɗin yana nan a faifai, hanyarsa ce ta ɓace masa. Maganin wucin gadi shi ne mutum ya rubuta fs0: domin ya shiga ƙaramin ɓangaren faifan da ake ajiye manhajojin tayarwa, sannan ya kira grubia32.efi da ke cikin EFI\ubuntu da hannunsa.

Layi biyu ne kacal, amma a nan ne haƙurina ya kusa ƙarewa, kuma dalilin ya shafi kusan kowa a ƙasar nan. Allon haruffan na'urar AZERTY ne kamar yawancin waɗanda suke zuwa mana daga Faransa, shi kuwa wannan baƙin allon jerin Amurka kawai ya sani. Idan ka danna A sai Q ta fito, ɗigo biyu ba ya inda aka zana shi, karkatacciyar sandar da ke raba sunayen folda kuma sai an bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya ana laluben ta. Sai da na buɗe hoton allon QWERTY a waya na ajiye a gefe, ina duba shi ina dannawa kamar mai koyon bugu. Bayanan da na karanta a intanet duk sun ɗauka cewa mai karatu yana da allon Amurka a gabansa. Da na shiga cikin Lubuntu ta wannan hanyar, sai na sake sa GRUB da umarnin grub-install, na ƙara masa --target=i386-efi da --removable. Wannan na biyun yana ajiye kwafinsa a EFI/BOOT da sunan BOOTIA32.EFI, wurin da UEFI yake dubawa da kansa idan bai sami komai a rubuce ba. Tun daga ranar take tashi kai tsaye.

Ina so in bayyana wanda nake ɗora wa laifi, domin a cikin zafin ran farko na haɗa kowa da kowa. Lubuntu kyauta ce, masu aikin sa kai ne suke kula da ita, kuma da ta sami intanet ta gane irin na'urar ta ɗauko abin da ya dace da kanta. Wanda ya haɗa furosesa mai bit 64 da UEFI mai bit 32, ya kuma sa wanda ba ya riƙe abin da aka rubuta masa, shi ne ya haƙa ramin. Wanda ya sayar min kuma ya yi ta yabon ƙarfin batiri da rashin nauyi, bai ce uffan a kan cewa na'urar ba za ta karɓi wata manhaja cikin sauƙi ba, ko da yake ina zaton shi ma bai sani ba.

Da a nan sharhin ya tsaya, da na ce kowa ya je ya sa. Amma bayan ƴan kwanaki sai wani abu ya ɓullo: ina cikin bugu, ba wani aiki mai nauyi nake yi ba, sai komai ya sandare, linzami ba ya motsi, maɓallai ba sa amsawa, sai an danne maɓallin kashewa. Na yi asarar shafukan da ban adana ba, kuma na fara zargin zafin garin nan ne, tun da na'urar ba ta da fanka. Ashe sananniyar matsala ce ta furosesan Bay Trail a kan Linux, wadda aka daɗe ana kai rahotonta tun wajajen 2015: idan furosesan ya shiga barci mai zurfi don tsimin wuta, wani lokaci ba ya farkawa. Maganin ma ta GRUB ya bi. Na buɗe fayil ɗin /etc/default/grub, na ƙara intel_idle.max_cstate=1 a layin da ake miƙa wa ƙwayar Linux, wato zuciyar manhajar, umarni, sannan na gudanar da update-grub. Sandarewar ta tsaya, amma ba kyauta ba, domin hana furosesan barci mai zurfi yana sa batiri ya ƙare da wuri, bayan na'urar kuma yana ɗaukar ɗumi fiye da dā. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan ba ƙaramin rashi ba ne, kuma shi ya sa na janye wani ɓangare na yabon da na fara yi. Ba zan iya cewa malamin da bai taɓa buɗe tagar umarni ba ya shiga wannan aikin shi kaɗai a kan irin wannan na'urar. Mai tsohuwar babbar kwamfuta, wadda take da BIOS ko UEFI mai bit 64, ba zai gamu da mafi yawan abubuwan nan ba.

Game da intanet kuwa kada kowa ya yaudari kansa. Firefox yana jan jiki kafin ya buɗe, kuma idan shafuka suka wuce uku ko huɗu, musamman idan akwai Facebook ko YouTube a ciki, giga 2 yana cika na'urar ta fara nishi. Babu wata manhaja mara nauyi da za ta rage nauyin shafukan zamanin nan. Don bugu da karanta PDF da tsara maki a jadawali, ba ni da ƙorafi.

Akwai wani abu da ban yi tsammani ba wanda ya faranta min rai: a cikin jerin allunan haruffan da suka zo da ita akwai na Hausa, wanda ke fitar da haruffa masu ƙugiya ba tare da na sauke komai ba. An gina shi a kan QWERTY, don haka a kan maɓallan AZERTY sai mutum ya ɗan saba, ni kuma na saita yadda zan riƙa sauyawa tsakaninsa da na Faransanci gwargwadon takardar da nake bugawa. Tallafin wannan fitowar zai kai watan Afrilu na 2027, kuma kafin lokacin ba ni da niyyar taɓa ɓangaren faifan da GRUB yake zaune a ciki.