Wata huɗu a ajin gajerun labaran Turanci na WhatsApp

Sau biyu ina zana jarrabawar kammala sakandare, sau biyu Turanci yana kayar da ni. A WAEC D7 na samu, da na sake a NECO sai E8. Lissafi da Bayoloji da Kimistiri duk na haye, amma wanda ya san harkar ya san idan babu aƙalla C6 a Turanci, takardar nan sai dai a ninke ta a sa ƙasan akwati. Haka tawa ta kwanta shekara tara. Na yi aure, na haifi uku, amma duk ranar da na wuce ta gaban makarantar koyon aikin lafiya da ke nan garinmu Jega na ga 'yan mata cikin fararen kaya, sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Ƙanwar maigidana ce ta sa ni a ajin. Wata malamar Turanci ce da ta yi ritaya a Birnin Kebbi ta buɗe shi a WhatsApp, mata zalla, naira dubu biyu a wata. Kowace safiya ban da Juma'a, bayan sallar asuba, takan turo labari ɗan gajere, wanda bai wuce ya cika fuskar waya sau biyu ba. Tare da shi akwai muryarta tana karanta shi a hankali, sai tambayoyi biyar. Ki amsa ki tura mata ita kaɗai kafin la'asar, bayan isha'i ta saki amsoshin a zaure da bayani cikin Hausa. Tsarin ke nan gaba ɗaya.

Kafin in faɗi abin da ajin ya yi mini, sai na faɗi ciwon da ke damuna, don na tabbata ba ni kaɗai ba ce. Ni na iya karanta Turanci da baki. Idan aka miƙo mini jarida zan karanta ta tiryan-tiryan har wanda ke gefe ya ɗauka na gane. Ban gane ba. Mu da muka taso da allo da Islamiyya Allah ya hore mana hadda, kuma hadda babbar ni'ima ce a muhallinta, sai dai da ita muka tunkari boko. Malami ya yi bayani da Hausa, ya cika allo da Turanci, mu kwafe, mu haddace, mu juye masa ranar jarrabawa. A sauran darussa wannan dabara takan fisshe ka. A sashen da ake ba ka rubutun da ba ka taɓa gani ba a ce karanta ka amsa, babu abin da za ka haddace. Abin da nake yi a lokacin shi ne in ɗauki kalma ɗaya daga cikin tambayar, in bi rubutun da yatsa ina farautarta, inda na gan ta in kwafe jimlar dungurungum. Da wannan na samu D7 ɗin.

Labarin da ya fara buɗe mini ido a mako na biyu ya zo. Wata mai tuyar ƙosai ce a bakin tasha, mutane sun yi layi, sai aka ce "she ran out of oil". Na san kalmar farko ta aiki gudu ce, na san ta biyu waje ce, na san ta ƙarshe mai ce. Sai na hango mata ta zabura ta yi waje da gudu, na ce lallai mai ne ya fantsamar mata. Amma jimlar da ta biyo baya ta ce ta miƙa wa ɗanta kwalba da kuɗi ta ce ya yi sauri zuwa shago. Nan na tsaya. Wadda mai ya ƙona ba kwalba za ta nema ba. Mai ne ya ƙare mata. Babu wanda ya faɗa mini, ban buɗe ƙamus ba, labarin ne da kansa ya gyara mini fahimta, domin na san rayuwar mai ƙosai ciki da bai, innata ta yi sana'ar shekara da shekaru.

Da na ba Malama labarin yadda na fara fassara shi, sai ta aiko mini da murya: "Ɗiyata, abin da nike so ke nan. Ki bar labari shi kai ki, kada ki tsaya dambe da kalma guda." Dokarta ke nan tun ranar farko. Karatu sau uku: na farko ki wuce kai tsaye ko da rabin kalmomin sun fi ƙarfinki, na biyu ki bi muryarta da ido a kan rubutun, a na uku ne kawai aka yarda ki fitar da kalmomi, su ma kada su wuce uku. Da farko na ga kamar ƙwauro ne, ga ƙamus a cikin waya, me zai hana in duba duka? Daga baya na gane duk ranar da na duba kalma goma sha biyar, washegari ba na tuna ko ɗaya, amma ukun nan suna zama.

Inda ajin ya fi ƙarfi shi ne labaran da Malama ke rubutawa da hannunta. Ta san ainihin wuraren da Bahaushe ke tuntuɓe, kuma ba ta zuwa da dogon bayanin nahawu, sai ta gina labari a kan wurin. Akwai na maƙwabta biyu da turmi. Mu a Hausa kalma ɗaya ce: "ara mini turminki", "na aro turmi". Bature kuwa ya raba, mai karɓa "borrow" take yi, mai bayarwa "lend". Sai da turmin nan ya je ya dawo sau huɗu a cikin labarin, kafin a kai ƙarshe bambancin ya zauna mini daram. Haka batun lokaci. Mu muna cewa na saya, zan saya, ina saye, lokacin yana jikin 'yar kalmar da ke gaba. Turanci kuwa aikatau ɗin yake karyawa, "buy" ya koma "bought", "go" ya koma "went", har ka rasa dangantakarsu. A makaranta jerin su aka ba mu muka haddace kamar karatun sau. A nan kuwa, da yake labarin abin da ya faru da mutum kusan duk a shuɗaɗɗen lokaci ake ba da shi, kullum sai kin ci karo da su a cikin aiki, har ido ya saba.

Wanda na fi so shi ne na yaron da ya ɓace wa babansa ranar kamun kifi a Argungu. Ta kawo Matan Fada, ta kawo masunta da gorunansu da homa suna jiran a ba da izini su faɗa ruwa, ta kuma saƙa ɗan tarihi a ciki, cewa bikin ya samo asali ne a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Wannan magana na sha jin ta a bakin manya, amma ranar ce farkon da na gan ta da Turanci na kuma gane ta. Tambaya ta biyar ta ce me ya sa yaron ya je ya tsaya kusa da makaɗa. Ba a rubuta dalilin ko'ina a labarin ba. Sai da na yi tunani na tuna a farko an ce baban ya tsaya ya yi wa makaɗan kari, ke nan yaron ya yi lissafin nan zai dawo. Ranar na san akwai amsar da ba a farauto ta da yatsa.

Ranar Alhamis kuma mu ke rubuta namu, jimla biyar zuwa goma a kan wani abu da ya same mu. Na rubuta daren da zazzaɓin cizon sauro ya sa autana sanƙarewa cikin damina, muka ɗauke shi a kan mashin ana yayyafi. Na rubuta cewa ya "drink" magani, tunda mu shan magani muke yi. Malama ta gyara ta ce Bature "take" yake cewa. Amma kafin gyaran sai da ta tambayi jikin yaron. Wannan ya sa na ƙara sakin jiki da ita.

To, sai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ba ƙanana ba ne.

Kusan rabin labaran ba nata ba ne, daga intanet take ɗebo su, kuma na rayuwar Ingila da Amurka ne. Mutum ya fita zagayawa da karensa, ƙanƙara ta rufe ƙofar gida, wani ya makara a jirgin ƙarƙashin ƙasa a Landan. Akwai na wata yarinya da haƙorinta ya fita ta sa shi ƙarƙashin matashi, da safe ta tarar da kuɗi. Babu kalma ɗaya da ta gagare ni a ciki, amma na kasa gane inda labarin ya dosa, na ci ɗaya cikin biyar. Sai da dare Malama ta ce al'adarsu ce, iyaye ke sa kuɗin su ce wa yaro wata aljana ce ta kawo. Ban ce a daina kawo irin waɗannan ba, don masu jarrabawa ba za su tambaye ki abin da kika saba da shi ba kafin su zaɓi rubutu. Amma layi biyu na share fage da Hausa kafin labarin da ya wadatar, kuma na san mata biyu da irin waɗannan labaran suka karya wa gwiwa suka fice tun a watan farko.

Babban abin da ya fi damuna shi ne sauƙin tambayoyin. Wane ne, ina ne, yaushe ne, su suka fi yawa, irin ta yaron Argungu jefi-jefi ce. A ƙarshen wata na uku na ji na ƙoshi, sai na ari littafin tsofaffin tambayoyin WAEC wurin ɗan maƙwabtanmu na gwada. Jikina ya yi sanyi. Rubutun ya ninka na Malama tsawo, jimlolin masu rassa ne, ga shi ana cewa kawo wata kalma da za ta zauna a gurbin wannan ba tare da ma'ana ta canza ba, faɗi sunan wannan yankin jimla a nahawu da aikin da yake yi, wace irin adon magana ce wannan. Ga kuma sashen taƙaitawa, inda ake so ki matse dogon rubutu cikin 'yan jimloli da kalmominki. Ajinmu bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Lokaci ma ba a ƙayyade mana, daga asuba har la'asar kina da labari ɗaya, alhali a JAMB tambayoyin Turanci 60 ne cikin 180, duka a awa biyu, a gaban kwamfuta. Sai dai in faɗi gaskiya, a wannan gwajin na gane abin da rubutun ke magana a kai daga farko har ƙarshe, abin da bai taɓa faruwa da ni a zauren jarrabawa ba. Dabarun amsawa ne babu.

Sannan ajin ya cika. Lokacin da na shiga ba mu kai talatin ba, Malama na bin amsar kowa layi-layi. Yanzu mun ninka haka, gyaran ranar Alhamis wani lokaci sai Lahadi, wani lokaci kalma ɗaya ce ta yabo ba gyara. Zauren kuma ya fara komawa kasuwa, wannan ta turo tallar atamfa, waccan ta turo sanarwar biki, sai kin yi ta ja kafin ki ga labarin ranar. Ita kaɗai ce, ga shekaru, ban ga laifinta sosai ba, amma rufe zauren ya zama ita kaɗai ke turo saƙo ba zai ɗauke ta minti ɗaya ba. Muryarmu ma ba ta ji, don haka matsalar p da f da ke bin yawancinmu tana nan inda take. Data kuwa ba ta ci sosai, saƙon muryar bai wuce minti uku ba. Caji ne matsala idan wuta ta kwana biyu ba ta zo ba, shi ya sa nake kwafe labarin a littafi da zarar ya shigo.

Wadda ta bar makaranta da daɗewa, ko wadda ke karatu da baki kai bai ɗauka, ina ba ta shawara ta shiga irin wannan aji ba tare da jinkiri ba, dubu biyun ba asara ba ce. Wadda kuwa jarrabawarta saura wata biyu, kada ta dogara da shi shi kaɗai, ta nemi tsofaffin tambayoyi da wanda zai zauna da ita a kansu. Ni yanzu haɗawa nake yi, labarin Malama da asuba kafin yara su tashi, tsohuwar tambaya ɗaya da dare, maigida na riƙe mini agogo. Niyyata in zana jarrabawar masu zaman kansu a ƙarshen shekara in Allah ya kai mu.

Makon jiya babbar ɗiyata ta kawo takarda daga makarantarsu. Da can ajiyewa nake yi sai babanta ya dawo daga kasuwa. Wannan karon a tsaye na karanta ta a bakin murhu, taron iyaye ne ranar Asabar da ƙarfe goma, kuma an ce kowa ya zo da katin rigakafin yaronsa. Da ya dawo na faɗa masa, ya karɓa ya duba, ya ce haka ne.

Jiya na biya kuɗin wata na biyar, na kuma roƙi Malama ta raba mu gida biyu, masu farawa da masu shirin jarrabawa, ta ce za ta duba bayan Salla. Labarin yau na wani direba ne da ya ɗauko albasa daga Aliero motarsa ta mutu tsakanin Jega da Koko. Na ci huɗu. A ta biyar ɗin Malama ta ce direban tsoro ne ya hana shi barin motar, ni kuwa ina ganin amanar kayan mutane ce, kuma na tura mata jimloli biyun da na dogara da su, ina jiran abin da za ta ce.