Bugun Penguin na Pride and Prejudice: Ya Sa Na Daina Yi wa Uwargida Bennet Dariya

Na daɗe ina ɗaukar wannan littafi na Jane Austen, wanda ya fito a shekarar 1813, a matsayin labarin soyayya kawai, sai da na sayi bugun Penguin Classics mai ɗauke da gabatarwa da bayanan Vivien Jones. Rubutun ba ya wahalar da ido, littafin kuma ba shi da nauyi a jaka, amma darajarsa tana cikin sharhin da ya raka labarin.

Bayanan sun sa na tsaya a kan abin da a da nake wucewa da sauri, wato lissafin kuɗi. Mista Bennet yana samun fam 2,000 a shekara, amma an ɗaure gidan Longbourn da filayensa da sharaɗin cewa namiji ne kaɗai zai gada, don haka ranar da ya rasu komai zai koma hannun ɗan'uwansa Mista Collins, 'ya'yansa mata biyar kuwa su nemi inda za su raɓa. Mai karatun da ya tashi ya san cewa 'ya mace tana da kasonta a gado zai ji abin banbaraƙwai. Da na gane haka, sai rawar ƙafar da Uwargida Bennet take yi wajen aurar da 'ya'yanta ta zame mini fargabar uwa, wadda ta hango abin da maigidanta ya ƙi kallo. Haka ma Charlotte Lucas, maƙwabciyarsu mai shekara 27, da ta amince da auren Collins ba don so ba, ta fi ba ni tausayi fiye da kowa, domin a Ingila ta wancan zamani dukiyar matar aure tana shiga hannun mijinta, kuma sai a 1870 da 1882 majalisa ta yi dokokin da suka sauya hakan.

Jones ta ajiye labarin a cikin muhawarar zamaninsa kan tarbiyya da ilimin mata, muhawarar da marubuciya Mary Wollstonecraft, mai fafutukar haƙƙin mata, ta zafafa a 1792. A nan na fahimci cewa littafin wa'azin Fordyce da Collins ya zaɓa ya karanta wa 'yan matan yana cikin waɗanda Wollstonecraft ta soka, saboda yana koya wa mata rauni da sunan ladabi.

Tambaya ɗaya ce har yanzu take damuna: Elizabeth, 'yar Bennet ta biyu kuma tauraruwar labarin, ta ƙi maza biyu bisa ra'ayin kanta, amma sakamakon jarumtarta shi ne miji mai fam 10,000 a shekara. Gabatarwar ba ta kauce wa wannan ƙullin ba, kuma na yaba mata.

An haɗa da tsohuwar gabatarwar masanin adabi Tony Tanner a ƙarshe, wadda take da amfani ga ɗalibi mai son kwatanta fahimta biyu. Wanda bai taɓa karanta labarin ba ya bar duka gabatarwar biyu sai ya kammala, domin suna bayyana yadda al'amura suka ƙare.