Buhun PICS mai hawa uku: ya cancanci kuɗinsa ga mai tanadin abincin gida a Zariya?

Wanda ya ga kullen korona da aka saka a jihar Kaduna a watan Maris na 2020, ko ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, ya san ranar da kasuwar Sabon Gari ba ta da amfani ga mai kuɗi a banki. A irin wannan rana abin da ke cikin sito shi ne naka. Sayen hatsi da kaka ba wuya. Wuyar ita ce ya kai watan Agusta ba tare da ƙwari sun mayar da shi gari ba, kuma a nan ne wannan buhu ya shigo.

Masana a Jami'ar Purdue da ke Amurka ne suka ƙirƙiro shi, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, da farko saboda wake. Leda biyu ce masu kauri a ciki, sai buhun saƙa a waje. Akwai mai cin kilo 50 da mai cin kilo 100. Ba a zuba masa magani ko kaɗan. Idan aka ɗaure shi da kyau, ƙwarin da ke cikin hatsin su ne za su shaƙe iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Wannan kaɗai ya isa dalilin saye, domin abin da mutane ke yi a madadinsa yana da haɗari. Masu yayyafa wa wake fiya-fiya guba suke ciyar da iyalinsu, kuma irin wannan sinadari ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Ƙwayar Phostoxin da ake sakawa cikin hatsi don kashe ƙwari kuwa iskar guba take fitarwa, bai halatta a ajiye buhun da aka saka mata a ɗakin da mutane ke kwana ba.

Amma buhun ba ya yafe sakaci, kuma yawancin masu cewa ya ba su kunya a wajen bushewa suka faɗi. Masara tana son danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100. Idan aka rufe ta da sauran laima, ba ƙwari za su ci ta ba, fumfuna ce za ta kama ta, ta yi tsami, kuma fumfunar masara da gyaɗa tana iya haifar da gubar da ke lalata hanta. Gwajin gida mai sauƙi ne. A samu busasshiyar kwalba, a zuba hatsi kamar kashi ɗaya cikin uku, a ƙara gishiri busasshe cokali biyu, a rufe, a girgiza na minti ɗaya, a ajiye na minti 15. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin shanya. Shi ya sa sayen Disamba zuwa Janairu, bayan iskar hunturu ta gama aikinta, ya fi sayen sabuwar masarar Oktoba duk da arharta.

Kafin a zuba komai, a hura iska cikin kowace leda, a riƙe bakinta, a danna. In ta sace, akwai huji, kuma huji ɗaya kamar na allura yana iya ɓata aikin. Ƙaramin huji ana like shi da salatif mai faɗi. A sheƙe hatsin a tsince tsakuwa da guntun kara, su ne ke huda leda daga ciki. Kada a cika har baki, a bar kamar taƙi biyu. A matse iskar ledar farko, a murɗe wuyanta, a lanƙwasa, a ɗaure. Sai ta biyu daban, sai buhun waje daban. Masu haɗa ukun su ɗaure da igiya ɗaya sun yi asarar kuɗinsu.

Aibinsa biyu ne, kuma ba ƙanana ba. Na farko ɓera: yana huda shi kamar kowane buhu, don haka sai an ɗora shi a kan katako, nesa da bango, a share wurin. Na biyu, ba buhun ɗiba kullum ba ne. Duk buɗewa sabuwar iska ce. Gidan da zai riƙa ɗiban wake kowane mako gara ya raba shi cikin jarkoki masu lita 20 ko 25, wankakku, busassu, a cika har wuya, a sa leda a ƙarƙashin murfi a murɗe. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba ta shiga wannan lissafi. A kasuwa kuma a taɓa ledar da hannu, domin akwai jabu mai sirantar leda da ke yagewa tun a zubin farko. Na gaske, in an kula da shi, yana yin kaka uku.

To me za a zuba, kuma nawa? Babban mutum yana buƙatar hatsi kamar giram 400 zuwa 450 a rana. Gida mai mutum shida zai ci kusan tiya ɗaya kullum, wato buhu mai tiya 40 zai yi kwana arba'in. Tanadin wata uku kenan buhu biyu da ɗan ɗori na hatsi, wake kilo 35 zuwa 40, man girki kamar lita 15, gishiri kilo uku. Kada a tara masara zalla. A haɗa da dawa, gero da shinkafa, ko don yara kada tuwo ɗaya ya gundure su. A ajiye tsaba, ba gari ba: garin gero musamman yana ɗaci cikin 'yan kwanaki saboda maiƙon da ke cikinsa. Gyaɗa ta fi daɗewa a cikin ɓawonta.

Kayan miya ba sa buƙatar wannan buhu. Kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗa, barkono da daddawa, robobi masu murfi sun wadatar, sai dai a riƙa fito da kauɗa rana in damina ta yi nisa. Man gyaɗa a ɓoye shi daga haske da zafi. A ajiye buhun gawayi ma, don wake ɗanye ba ya maganin yunwa ranar da gas ya ƙare.

Hukuncin dai: ga wake da masara da za su zauna wata huɗu zuwa shekara, a saya ba tare da shakka ba, ko da ya ninka buhun gargajiya tsada. Ga shinkafar da za a cinye cikin wata biyu, ɓarnar kuɗi ce. A rubuta ranar ɗauri a jikin kowane buhu, a fara buɗe wanda ya riga shiga sito.