Randa, Tulu, Kula ko Firji: Me Za Ki Saya Kafin Zafin Bazara Ya Kankama a Zariya?

Da zarar hazon hunturu ya janye a ƙarshen Fabrairu, kowace uwargida a Zariya ta san abin da ke tafe. Ruwan da aka zuba a roba da safe, kafin azahar ya yi ɗumi, a sha shi ƙishin yana nan. Azumin 2024 da na 2025 duk sun ratsa watan Maris, kuma wanda ya ga layin masu sayen ƙanƙara gab da magariba a Tudun Wada ko Sabon Gari ya san ruwan sanyi ya zama abin da ake ware wa kuɗi, kamar gero da sukari. Idan kina shirin sayen abin sanyaya ruwa bana, zaɓina randa ne, wadda muka tura bayan gida muka maye gurbinta da duro. Zan faɗi dalili, zan kuma faɗi yadda ake cutar mai sayenta.

Firji dai kowa na so, kuma idan akwai wuta babu abin da ya kamo shi. Matsalar ita ce wutar. A watan Afrilun 2024 an ɗaga farashin lantarki na masu rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit, su kuma sauran rukunan sa'o'in da suke samu ba sa isa firji ya riƙe sanyi. Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, gidaje da yawa sun lulluɓe nasu. Ga wutar da ke zuwa da rauni, wadda ita ce ke ƙona kwamfuresa. Mai sola da batura masu ƙarfi ta sayi firjinta hankali kwance. Wadda ba ta da su, za ta ƙare da ajiye kwanuka a ciki. In kuma na hannu za ki saya, kada ki yarda da sanyin da kika tarar a shago. A kashe shi, a buɗe sanyin ya fita, a kunna a gabanki ki ga ya kama da kansa.

Kula ba ta ƙirƙirar sanyi, wanda aka ba ta take riƙewa, don haka kullum sai kin sayi ƙanƙarar da ba ki san da wane ruwa aka haɗa ta ba. Duron roba na tara ruwa ne kawai. Salka, jakar ruwa ta fata, ta matafiya ce, zamaninta ya wuce.

Tulu ne kaɗai zan saurara wa, domin shi da randa uwarsu ɗaya. Bakinsa ƙarami ne, hannu ba ya shiga, tsiyayawa ake yi, saboda haka ruwansa ya fi tsira daga hannun yara. Ga ɗalibi a Samaru ko Kongo, ko mai shago, ko amarya da ango su biyu, tulu ya wadatar. Amma ba ya cin ruwa da yawa, kuma wanke cikinsa aiki ne. Gidan da ke da baki takwas ko goma, a cika tulu yanzu, kafin ya yi sanyi an shanye.

Randa ba ta neman komai a wurinki sai inuwa da iska. Yumɓun da aka gasa ba tare da an shafe shi ba yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Ruwa yana naso ta cikinsu ya fito bayan randar, iska ta busar da shi, kuma wannan bushewar ce ke janye zafi daga ruwan da ke ciki, yadda gumi ke sanyaya jikin mutum in iska ta kaɗa. Gwargwadon bushewar iska, gwargwadon sanyin. Shi ya sa randa ta dace da ƙasarmu: a Maris da farkon Afrilu, lokacin da zafi ya fi tsanani, a lokacin ne iskar Zariya take a bushe, randa kuma take kan ganiyar aikinta. A Agusta, da iska ta cika da laima, sanyinta yana raguwa, amma a lokacin garin ma ya yi sanyi. Ruwanta ba ya kashe haƙori, ba ya kama maƙogwaro, mai azumi zai sha ya ƙoshi ba tare da cikinsa ya murɗa ba. Ga ƙamshin ƙasa da babu robar da za ta ba ki, balle in an jefa saiwar jema a ciki kamar yadda iyayenmu ke yi.

Yana ba ni takaici yadda muka ɗauki randa alamar talauci. A da, a cikin birni, da wuya ki wuce zaure ko ƙofar masallaci ba ki ga randa da moɗa an ajiye domin masu wucewa ba, kuma kayan ɗakin amarya ba su cika sai da ita. Yau a zo jere, a kawo firji da injin markaɗe a gidan da wuta ke leƙowa tsakar dare, ba wanda ya tuna da abin da yarinyar za ta sha ruwa a ciki. Alhali wannan sana'a ta ginin tukwane ita ce ta kai Ladi Kwali bayan takardar naira 20, kuma nan Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Muhammad Bah Abba, malami a jihar Jigawa, da wannan dabarar ta naso ya yaɗa tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, tumatir da gauta su daɗe ba su lalace ba. A shekarar 2000 ya karɓi lambar yabo ta Rolex a kan haka. Masu koyon ginin tukwane a jami'a har yanzu suna amfani da yumɓun Bomo, nan kusa da Samaru. Ƙasar tana nan, magina suna nan, masu saye ne suka ragu.

Raguwar masu saye kuwa ita ta jawo ɓarna, domin masu sanin randa mai kyau sun yi ƙaranci, marasa tsoron Allah suka samu ƙofa. Na taɓa saya wa Goggona babbar randa ana gobe azumi, a hannun wani da ya jibge kaya a bakin titi. Ja ce jawur, sumul, babu tabo. Aka cika ta da yamma. Cikin dare gindinta ya buɗe, ruwa ya malale ɗakin tsohuwa, ya jiƙa katifa da buhun masarar da ke jingine. Da gari ya waye muka tattara kasaken, sai ga layin siminti tun daga gindi har ciki, an bi shi da jar ƙasa an goge. Tsagaggiya ce tun daga wurin gashi, aka liƙe aka sayar wa mai azumi. Har yau in na tuna Goggo tsaye cikin ruwa da asuba tana neman inda za ta shimfiɗa sallaya, raina yana ɓaci.

Saboda haka gindi nake fara dubawa, kuma ke ma da shi za ki fara. A kifa randar a fito da ita rana. Bi ta da tafin hannu a hankali. Duk inda kika ji santsi ya bambanta, ko kika ga launi ya fi na kewaye duhu ko haske, kankare da farce ko da makulli. Siminti yana fitowa fari-fari, sabulu da kaki suna maƙalewa a farce, kwalta baƙa ce mai danƙo. Duk waɗannan ana cusa su a tsaga. Sannan ki sa kanki a bakin randar ki juya gindinta wajen rana. Tsagar da ta ratsa takan nuna siririn haske.

Sai ƙwanƙwasa. A ɗaga randar daga ƙasa, ko a ɗora ta a kan gammo, ki buga da bayan yatsa a wuya, a ciki, a gindi. Wadda ta gasu tana amsawa da ƙara mai kaifi, kuma ƙarar tana ɗan jimawa. Wadda ta ce "dum" ta yi shiru, ko dai tana da tsaga ko wuta ba ta ratsa ta ba. Rashin gasuwa ya fi tsaga sharri, domin ba ya nuna kansa a ido. Itace ya yi tsada, wasu magina suna tsimin makamashi, su kwashe tukwane kafin su nuna. Irin wannan randar tana ɗaukar ruwa mako ɗaya ko biyu lafiya, sannan ta fara laushi, ruwan ya riƙa fitowa da laka, wata rana a zo ɗaga ta baki ya rage a hannu. Ki jiƙa yatsa ki goga a cikinta da ƙarfi. In yatsan ya fito da jar laka mai kauri, ajiye ta. Baƙin tabo a jiki kuwa kada ya tsorata ki, sawun wuta ne, kuma sau da yawa irin waɗannan sun fi masu kyan gani ƙwari.

Ki guji mai sheƙi. Akwai masu shafa jan fenti don kaya su ɗauki ido, fenti kuma yana toshe ƙofofin da sanyin ke bi, ban da warin da yake sa wa ruwa. Akwai tukwanen fulawa na siminti da ake yi wa siffar randa. Nauyinsu ya wuce kima, cikinsu toka-toka ne, ba a yi su don abin sha ba. Akwai kuma tukwane na gaskiya, masu kyau ƙwarai, irin waɗanda Gwarawa ke yayyafa wa ruwan makuba suna da zafi daga wuta. Makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, tana ba su duhu da sheƙi, tana kuma rage naso. Babu algus a cikin wannan, sai dai sun fi dacewa da girki da ajiya. Don ruwan sanyi, nemi wadda jikinta ke a buɗe, mai ɗan kaushi.

Gwaji na ƙarshe shi ne ruwa, kuma a nan ake gane mai gaskiya. Ki ce, "Baba, don Allah a zuba mata ruwa mu gani." Magini na ƙwarai zai ce, "Bismillah, Hajiya," ya aiki yaro ya ɗebo. Ki zaga kasuwa ki yi sauran cefanenki ki dawo. Randa mai kyau za ki tarar jikinta ya yi duhu, ya yi danshi ko'ina daidai, in kin taɓa ki ji sanyi. In ɗigo ne ke sauka daga wuri guda, yoyo ne. In ta bushe ƙayau, an toshe ta. Wanda ya fara cewa ba a jiƙa kayan sayarwa, ko ya rage miki kuɗi da sauri don kada a gwada, ki yi masa sallama. Araha ba ta ado. Ya fi miki ki saya wurin wanda ke da rumfa tsayayya, a kasuwar birni ko ta Sabon Gari, ko a kasuwannin ƙauye irin na Giwa da Soba da Maƙarfi, inda gobe za ki koma ki same shi.

Tunda ana maganar cuta, duron roba ma yana da tasa. Shuɗayen durarrukan nan da yawa na hannu ne, wasu sinadarai aka shigo da su a ciki. Ki buɗe ki shinshina. In akwai wari, ko an wanke sau nawa, kada ki zuba ruwan sha.

Game da girma, matsakaita biyu sun fi ƙatuwa ɗaya. Kowace ta ɗauki kamar jarka biyu ta mai ruwa: ana shan ɗaya, ɗaya tana yin sanyi, ba a zuba sabon ruwa a kan wanda ya riga ya huce. Ƙatuwar randa wuyar wankewa gare ta, in kuma ta fashe an yi asara gaba ɗaya.

Abu ɗaya da masu kushe randa suke da gaskiya a kansa shi ne tsabta. Randa tana sanyaya ruwa, ba ta kashe ƙwayar cuta. Ruwan rijiya ko na 'yan garuwa, a sa masa alif ya kwanta, a tafasa ko a ɗiga maganin tsabtace ruwa, sannan ya shiga randa. Moɗar da kowa ke kai wa baki ya mayar ita ce hanyar taifot da amai da gudawa, musamman da damina. A ware ludayi mai dogon hannu na ɗiba kawai, a rataye shi, kowa ya sha da kofinsa. Murfi dole ne, ko faifai ko faranti, don sauro da ƙura da ƙadangare. Wasu magina suna sa wa randa kan famfo a ƙasa. In kin samu, ki duba mahaɗar da kyau, domin nan ne yoyo ke farawa.

In kin kawo ta gida, kada a sha ruwan farko. A cika ta ta kwana, a zubar, a sake, har warin ɗanyar ƙasa ya lafa. A girke ta a kan yashi ko tsohuwar taya, a inuwa, wurin da iska ke ratsawa, nesa da murhu. In an cusa ta a lungun da ba iska, sanyin ba zai zo ba. Wanki da soso da ruwa zalla, duk bayan kwana biyu ko uku, har bayanta, saboda gansakuka tana toshe naso. Sabulu da omo ba sa shiga randa, yumɓu yana shanye su ya riƙa mayar wa ruwa. In bayan shekara ɗaya ko biyu kika ga ta daina danshi, ƙofofin sun cike. A mayar da ita ta ajiyar hatsi ko ruwan alwala, a sayo sabuwa kafin Maris.