Zanen furen Yukon da na yi oda

Bara a watan Yuli muka bi hanyar Whitehorse zuwa Dawson a yankin Yukon na ƙasar Kanada ni da Abban Ummi, duk inda gobarar daji ta taɓa ci sai ka ga furen nan da suke ce ma fireweed ya rufe wurin, ruwan hoda mai sirkin shunayya har iya ganinka, shi ne ma Yukon ta ɗauka a matsayin furenta tun 1957. Tun ranar na ƙwallafa rai sai na rataye shi a falo, shi ya sa na yi ma wata mai zane da ke can magana ta zana min.

Wallahi ranar da na buɗe kwalin raina ya ɓaci. Ni fure na biya, abin da na gani kara ne dogaye jajaye, fure ɗan tsiraru can a sama, ƙasa kuma wani farin abu buzu-buzu kamar audugar rimi, na ce shi ke nan matar nan fenti ya ƙare mata ta turo min rabin aiki. Abban Ummi har da dariyar mugunta, wai na sayi gonar da aka girbe. Na zauna na rubuta mata saƙo mai zafi.

Amsarta ce ta kashe min jiki. Ashe furen daga ƙasa yake fara buɗewa yana hawa, in ya kai ƙoli to zafi ya ƙare sanyi na bakin ƙofa, kwanson na ƙasa ya fashe ya saki audugar nan iska ta kwashe irin. Ƙarshen Agusta ta zana. Na koma na kalle shi da kyau, audugar ma da wuƙa ta ɗora fentin, in ka shafa kana jin tudunsa, da yamma in rana ta bugo ta taga kamar zai tashi. Yanzu duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya a gabansa.

Amma fa ni Yuli na ce, kuma hoton Yuli na tura mata, me zai hana ta tambaye ni kafin ta canza? Ga sati biyar ina jira, ga kusurwar firam ɗin a lotse, ko wayar ratayewa babu a baya sai da Abban Ummi ya je ya sayo. Da na yi ƙorafin firam ɗin haƙuri kawai ta ba ni, ko sisi ba ta rage ba.