Phacops na Maroko ko na Amurka: wanne za ka saya, kuma yaya za ka gane na jabu?

Duk malamin kimiyya ko ɗalibin ilimin duwatsu da ke son riƙe burbushin tirilobait, wata tsohuwar halittar teku mai ƙwarya da jiki gaɓa-gaɓa, a tafin hannunsa, a Zariya yake ko a Yamai, sai dai ya sayo daga waje. Duwatsun Dange da Wurno a jihar Sakkwato suna da burbushin halittun teku, Gadufawa ta Nijar kuma ta ba duniya ƙasusuwan dainoso da na ƙaton kada masu shekara kusan miliyan 110, amma duk waɗannan 'yan baya-baya ne. Tirilobait ya bayyana a teku wajen shekara miliyan 521 da suka wuce, ya ƙare ƙaf wajen shekara miliyan 252 da suka wuce, tun kafin a shimfiɗa waɗancan duwatsun namu. Masana sun bayyana nau'insa sama da 20,000, saboda haka wanda ya buɗe shagon intanet ba tare da ya san abin da yake nema ba, kansa zai ɗaure.

Shawarata ga mai sayen farko ita ce ya tsaya a kan dangi guda na tirilobait, wato Phacopidae, dangin da Phacops yake ciki. Dalilina ido ne.

Yawancin tirilobait suna da ido mai ƙwayoyi ƙanana cunkushe a ƙarƙashin fata ɗaya, ba ka iya rarrabe su sai da na'ura. Na wannan dangi daban yake: kowace ƙwaya babba ce, tana zaune a gurbinta, da ɗan shinge tsakaninta da maƙwabciyarta, an jera su sahu-sahu kamar ƙwayar masara a jikin totuwa. Da ma'adinin kalsait aka yi su tun dabbar tana raye, shi ya sa suka wanzu. Yaro ɗan aji ɗaya na sakandare zai iya ƙirga su da madubin ƙara girma na hannu. Kuma wannan idon shi ne abin da ya fi gagarar masu haɗa jabu, don haka abin da ya sa dabbar ta cancanci saye shi ne kuma zai kare maka kuɗinka.

Sauran alamomin dangin ba su da wuyar riƙewa. Goshin yana faɗaɗa ta gaba, sau da yawa da ƙuraje-ƙuraje. Gaɓoɓin tsakiyar jiki 11 ne. Wutsiya gajera ce, mai zagaye, ba ƙaya. Idan dabbar ta ji tsoro takan dunƙule kamar bushiya, bakin wutsiya ya shige wani kwari da ke ƙarƙashin kai ya kulle. Masana biyu, Hawle da Corda, su suka raɗa wa dangin suna a 1847. Ya bunƙasa a zamanin Siluriya, ya kai ƙololuwa a zamanin Deboniya, ya ƙare tare da ƙarewar Deboniyar wajen shekara miliyan 359 da suka wuce. Gab da ƙarshen har an sami waɗanda suka rasa ido gaba ɗaya, irin su Trimerocephalus, da aka tarar a ƙasar Folan sun yi jerin gwano, kan wannan a wutsiyar wancan.

Kafin mu shiga kasuwa, a gyara batun suna. Tun da wani masani, Emmrich, ya kafa sunan Phacops a 1839, aka yi ta tura kusan duk mai irin wannan ido cikinsa. Daga baya masana suka rarraba: Reedops, Drotops, Eldredgeops, Chotecops, Kainops, Austerops, Morocops da sauransu. 'Yan kasuwa da yawa har gobe Phacops suke rubutawa a kan kowanne. Wannan kaɗai ba ha'inci ba ne, tsohon suna ne ya bi baki. Amma mai sayarwar da ya iya gaya maka sabon sunan da dutsen da aka haƙo shi, ya nuna ya san hajarsa.

Na Maroko

Mafi yawan abin da za ka gani daga kudu maso gabashin Maroko yake fitowa, daga yankin Alnif, Erfud da Risani. Risani ɗin nan tana gefen kufan Sijilmasa, garin da a da ayari ke tashi su ƙetare Sahara zuwa ƙasashen baƙar fata. A yau iyalai da yawa a can da haƙar burbushi suke ci.

Yadda ake haƙar yana da muhimmanci ga mai saye. Dutsen farar ƙasa ne mai tsananin tauri, dabbar kuma tana binne a cikinsa ba a ganinta. Mai haƙa yakan yi ta fasa dutse da guduma har ya hangi wani siririn baƙin layi mai lanƙwasa a fuskar fashin, wato ya ratsa dabbar ta tsakiya ke nan. Sai a manne ɓangarorin biyu da gam, sannan a fara sassaƙe dutsen daga sama har ƙwaryar jikin ta fito. Saboda haka idan ka ga tsaga ta ratsa dutsen, ta bi ta jikin dabbar, ta fita ta ɗaya gefen, kada ka ɗauke ta aibi. Sau da yawa ita ce shaidar gaskiya. Wanda ya kamata ka yi shakka a kansa shi ne wanda ya fito sumul, babu ko tabo, a kan dutse mai tauri.

A nan ne farashi ke rabuwa gida biyu, kuma ba girman dabbar ke raba shi ba, aikin hannu ne. Akwai wanda aka sassaƙe da ƙusa da ƙaramar guduma cikin gaggawa: za ka ga farar karce a ko'ina, ƙwayoyin ido sun gurje, an cike ramuka, an shafe da baƙin fenti ko man takalmi. Akwai kuma wanda aka yi da alƙalamin iska da injin fesa garin yashi a ƙarƙashin madubi, aikin kwanaki. Dabba iri ɗaya, dutse ɗaya, amma na biyun zai iya ninka na farko sau da yawa a kuɗi. Ni dai ina ganin ya cancanta, domin na farkon an riga an kashe abin da ka zo nema.

Cikin na Maroko, ƙananan da ake kira Austerops da Morocops su ne na talaka. Tsawonsu bai cika wuce yatsa ba, baƙaƙe ne ko ruwan ƙasa mai duhu, kuma ana samun masu ido lafiyayye a kan 'yan gomomin daloli. Da yake suna da yawa kuma ba su da tsada, ba a cika wahalar ƙera jabunsu gaba ɗaya ba, sai dai a yi musu faci. Reedops ya girme su, daga farkon Deboniya yake, ana gane shi da goshinsa da ya turo gaba ya rufe bakin kai. Idan aji ake saya wa, haɗa Reedops ɗaya da Morocops ɗaya ya isa a nuna wa ɗalibai yadda ake raba jinsi da jinsi cikin dangi guda.

Sai Drotops, sarkin dangin, daga Jabal Mrakib a yankin Ma'idar. Yakan kai santimita 15. Iri biyu ake sayarwa: megalomanicus mai ƙuraje, da armatus mai ƙayoyi a kai da gadon baya, wanda wani masani Bajamushe, Struve, ya bayyana a 1995. Na gaskiya mai kyau ɗaruruwan daloli ne, kuma babu wani ɗan dangin da aka fi yi wa jabu kamarsa. Ana zuba ƙaron roba a cikin mazubi, a fitar da siffar, a manna ta a kan dutse na gaske, a bi gefen da garin dutse da gam. Ko na gasken ma, ƙayoyin armatus sukan karye wajen sassaƙa a sake manna su, wani lokaci a ƙera sababbi. Idan ka ga Drotops cikakke da farashin ƙaramin Morocops, ka wuce. Ban ba mai sayen farko shawarar ya fara da shi ba, kuma ƙayoyin nan da ƙyar suke jure doguwar tafiya a cikin kwali.

Na Amurka da Jamus

Eldredgeops rana shi ne wanda littattafan makaranta suka fi ɗauka hoto, galibi da tsohon sunansa Phacops rana. Kalmar rana a nan ba tamu ba ce, Latin ce, ma'anarta kwaɗo, saboda idanun da suka fito zuru-zuru. Ana samunsa a jihohin Ohayo, Niyok da Fensilbaniya, da kuma Ontariyo ta Kanada. Jihar Fensilbaniya ma ta ɗauke shi burbushinta na hukuma a 1988. Dutsen da yake ciki na laka ne mai laushi, don haka dunƙulallun sukan fito da kansu kamar goro, ba tare da sassaƙa mai yawa ba. Wannan ya rage faci da fenti sosai. Na yankin Silbaniya a Ohayo sun yi suna wajen kyau da girma.

Yana kuma da tarihin da malami zai ji daɗin bayarwa. Wani masani Ba'amurke, Niles Eldredge, ya zauna ya ƙirga sahun ƙwayoyin ido na wannan dabba daga duwatsu masu shekaru daban-daban, ya ga masu sahu 18 da masu 17, kowanne ya daɗe a yadda yake ba tare da ya sauya a hankali ba. Da wannan ne shi da Stephen Jay Gould suka fito da ra'ayinsu a 1972, cewa halitta takan daɗe a tsaye, sannan sauyi ya zo cikin ɗan lokaci. Don girmama Eldredge ne Struve ya sauya wa jinsin suna a 1990. Ɗalibin da ya ƙirga sahun da kansa ya taɓa ainihin hujjar da aka yi muhawara a kanta. Aibin Eldredgeops shi ne ƙanƙanta, kuma kuɗin aikowa daga Amurka kan kai kuɗin dabbar ko ya fi.

Na jihar Oklahoma, wato Kainops da Paciphacops, launin zuma ne a kan dutse mai haske, ido yana fitowa tar a hoto.  Na Jamus kuwa, filayen Gees da ke yankin Eifel an hana haƙa a cikinsu, sai dai abin da ya fito daga tsofaffin tarin mutane. Chotecops na Bundenbach, wanda wani ma'adini mai ƙyallin zinare ya adana har ƙafafunsa, kayan gidan tarihi ne da manyan masu tarawa, kuma ma'adinin ba ya shiri da laimar damina.

Gwaji kafin biya da bayan karɓa

Ka nemi hoton ido na kusa, hagu da dama, da hoton ƙasan dutsen. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Ƙwayoyin gaske suna da tsari, sahu a miƙe, girma yana raguwa a gefe. Na jabu ko dai su fito a dagule kamar an taɓa danshin sabulu, ko a ɗiɗɗiga su da tsinke ba tsari. Ka ƙirga gaɓoɓi: idan ka sami 13, ba ɗan wannan dangi ba ne, wataƙila Flexicalymene ne ko Elrathia, waɗanda su ma na gaske ne kuma masu araha, amma ba su da irin idon. Ka tambaya kai tsaye kashi nawa aka cike, ka sa ya rubuta maka amsar.

Idan kaya ya iso, duba shi da madubi ka nemi ƙananan ramuka masu zagaye kamar na kumfa, alamar ƙaron roba ke nan. Haska shi a duhu da fitilar da 'yan canji ke duba jabun kuɗi, wurin da aka yi faci ko aka sa gam yakan yi haske dabam. Ɗan ruwan goge jan farce a jikin auduga zai ɗebo fenti idan akwai. Ɗan ƙwanƙwasa shi a haƙori a hankali: dutse yana da sanyi da ƙara mai kaifi, roba kuwa ɗumi-ɗumi take, ƙararta a dushe. Wasu suna gwadawa da allura mai zafi, amma tana barin tabo, ni ba na so.

Kai kaɗai ko wutsiya kaɗai ba jabu ba ne. Tirilobait yana saɓa kamar yadda ƙaguwa ke yi, yawancin abin da ke cikin dutse ma saɓar ce, ba gawar ba. A wannan dangi har akan tarar da kan a kife a gaban jiki, inda dabbar ta tuɓe shi ta fice. Kai guda mai ido biyu lafiyayyu ya fi araha nesa, kuma ga mai koyarwa ya fi cikakken da aka gurje.

Da a ce kuɗin guda ɗaya gare ni, dunƙulallen Eldredgeops zan ɗauka, ko ƙaramin Morocops da aka yi wa aikin inji. Idan ya zo, kada ruwan lemun tsami ko wani abu mai tsami ya taɓa shi, domin kalsait narkewa yake. Busasshen burushi mai laushi ya isa kawar da ƙurar hunturu. A ajiye shi a ƙaramin akwati tare da takarda mai ɗauke da sunansa, wurin da aka haƙo shi, zamanin dutsen, da ranar da aka saya, a kuma rubuta lamba ɗaya a takardar da ƙasan dutsen don kada su rabu.